Neman bayanan wanda aka sallama daga gidan wakafin gunduma a Amurka

Baban Yusra: Assalamu alaikum jama'a. Akwai tambayar da ke yawan zuwa daga gida, gara a warware ta wuri guda kowa ya amfana. An kama mutum a wani gari a nan Amurka, an kai shi gidan wakafin gunduma, bayan 'yan kwanaki sai a duba shafin masu tsaron a ga sunansa ya ɓace. Wayarsa a kashe. Dangi suna son sanin ko sakinsa aka yi, yaushe, kuma a kan wane sharaɗi. Barista, Malam Tafinta, bismillah, ku ne a gaba.

Barista: Wa alaikumus salam Alhaji. A fara da sanin hannun da mutum yake ciki, don hukumomi uku ne kuma ba sa haɗa littafi. Gidan wakafin gunduma na masu jiran shari'a ne da waɗanda aka yanke wa ɗan gajeren ɗauri, galibi bai wuce shekara guda ba, kuma a yawancin wurare ofishin sherif, wato babban jami'in tsaro na gunduma, ke riƙe da shi. Gidan yarin jiha na masu dogon ɗauri ne. Na tarayya kuma daban yake. Gundumomin Amurka sun haura 3,000, kowace da yadda take ajiye bayananta, babu wani rumbu guda da zai nuna maka duk wanda ya kwana a wakafi a faɗin ƙasar.

Don haka tambayar farko ita ce a wace gunduma aka kama shi. Sunan gari bai isa ba. Akasarin Houston a gundumar Harris take, Shikago a Cook, Columbus a Franklin, Minneapolis a Hennepin. Atlanta kuwa ta ratsa Fulton da DeKalb, ga kuma mutanenmu da ke cewa Atlanta alhali a Gwinnett ko Cobb ko Clayton suke. Kuma inda aka kama shi ake bi, ba inda yake kwana ba. A lura da jihohi shida, Alaska, Connecticut, Delaware, Hawaii, Rhode Island da Vermont: a can jiha ce ke riƙe da masu jiran shari'a da masu ɗauri gaba ɗaya, shafin hukumar gidajen yarin jihar za a duba.

Tafinta: Ƙari a kan maganar Barista. Shafin sherif da kowa ke rugawa ya duba, jerin waɗanda ke ciki ne a halin yanzu. Wasu gundumomi suna cire suna 'yan sa'o'i da fitar mutum, wasu suna da shafi daban na waɗanda aka sallama cikin 'yan kwanakin nan, wasu kuma suna barin tsofaffin kamu na shekaru. Muddin sunan yana nan, a ɗauki hoton shafin nan take, kada a ce sai gobe. Abubuwan da ake so a ciki su ne lambar rajistar shiga, ranar shiga, hukumar da ta kama shi, da lambar ƙara idan an sa. Lambar rajistar shiga ta wannan kamun ce kaɗai, in aka sake kama shi sabuwa za a ba shi. Akwai kuma lambar da ke bin mutum a jihar har abada, wadda aka ɗaura a kan zanen yatsunsa. A New York sunanta NYSID, a jihohi da yawa SID. Wadda duk ka samu ka rubuta. Da lamba ma'aikaci zai amsa maka nan da nan, da suna kuwa sau da yawa sai ya ce bai gani ba.

Idan suna ya riga ya ɓace, a kira sashen ajiye bayanai na gidan wakafin a lokacin aiki. Kada a kira lambar gaggawa ta 911, ba aikinsu ba ne. Ka ba da cikakken suna da ranar haihuwa, sannan ka yi tambaya biyu: ranar da aka fitar da shi, da dalilin fitarwar. Ta biyun ce mutane ke mantawa.

Baban Yusra: To in sun ce an sallame shi, ai magana ta ƙare ko?

Barista: A'a ranka ya daɗe, nan ne ma ake yawan ruɗewa. A littafin gidan wakafi, sallama tana nufin ya bar hannunsu, shi ke nan. Zai yiwu an biya beli. Zai yiwu alƙali ya sake shi a kan alkawarin zai dawo ba tare da kuɗi ba, wanda za ka ga an rubuta ROR ko PR. Zai yiwu ya amsa laifi an lissafa masa kwanakin da ya riga ya yi, ko an ɗora shi a kan ɗaurin talala. Zai yiwu mai gabatar da ƙara ya ƙi shigar da ƙarar. Waɗannan duka sun fita titi. Amma akwai waɗanda aka sallama zuwa wani hannun: gidan yarin jiha bayan hukunci, wata gunduma ko wata jiha da ke da sammacin kama shi, jami'an Marshal na tarayya, asibitin ƙwaƙwalwa bisa umarnin kotu, ko hukumar shige da fice ta ICE. Dangi na murna an sake shi, shi kuwa yana cikin mota an nufi wani wajen da shi.

Gidan wakafi kamar mai gadi yake: ya san wanda ya shiga da wanda ya fita da ƙarfe nawa, bai san abin da aka yanke a cikin gida ba. Laifin da ka gani a shafin sherif, abin da ɗan sanda ya rubuta ne a daren kamu. Mai gabatar da ƙara yana iya rage shi, ya ƙara, ko ya watsar. Sakamakon gaskiya yana wurin magatakardan kotu.

Ɗan Zango: Barista, bari in sa na New York tunda mutanenmu na Bronx da Harlem suna da yawa. A birnin New York ba sherif ke tsare mutane ba, hukumar gidajen yarin birnin ce, mai kula da gidan wakafin tsibirin Rikers, kuma tana da shafinta na neman suna. Na kotu kuwa WebCrims ne, kyauta, amma ƙararrakin da ke da ranar zama nan gaba kaɗai yake nunawa. In ƙara ta ƙare ba za ka gan ta ba. Sannan dokar jihar, sashe na 160.50 na dokar tafiyar da shari'ar laifi, ta ce in shari'a ta ƙare ba a same ka da laifi ba, a rufe fayil ɗin. Akwai kuma abin da ake kira ACD, inda ake ɗage ƙara yawanci wata shida, in mutum bai sake shiga wata matsala ba a kore ta a rufe. Saboda haka a New York rashin ganin suna ba ya nuna ba a taɓa kama mutum ba, kuma ba ya nuna an ɓoye wani abu. Mai son binciken faɗin jihar, ofishin kula da kotuna yana yi a kan dala 95 kowane suna, kuma sai suna da ranar haihuwa sun dace daidai. Ka kuskure harafi ɗaya, kuɗinka ya tafi.

Na-Damagaram: Wannan maganar harafi ita ce ciwon kanmu mu 'yan Nijar. Fasfo ɗinmu da rubutun Faransanci yake: Aboubacar, Mahamadou, Ousmane, Issoufou. Ɗan'uwa a gida zai rubuta Abubakar ko Usman, na'ura ta ce babu. Na Najeriya ma Muhammad ne, Mohammed ne, Muhammed ne, kowanne da yadda aka sa masa a takarda. A nemi hoton fasfo ko lasin tuƙi a kwafa yadda yake. Sannan a gwada juya sunan, don mai rajista yakan sa sunan mahaifi a gurbin sunan yanka. In shafin ya yarda, a rubuta haruffa uku ko huɗu na farko kawai. Ranar haihuwa kuma wata ake fara rubutawa a nan: 03/07/1990 bakwai ga Maris ke nan, ba uku ga Yuli ba. Kuma da yake da yawanmu an sa mana 1 ga Janairu a takarda, mutum biyu masu suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya ba abin mamaki ba ne. Kada a yanke hukunci a kan suna da kwanan wata kaɗai.

Tafinta: Gaskiya ne Malam. A koma kan kotu. Jihohin da kotunansu ke da shafi guda sun fi sauƙi: Pennsylvania tana da UJS Portal, Maryland tana da Case Search, Missouri Case.net, Minnesota MCRO, Wisconsin kuma wanda kowa ke kira CCAP. Duka ana dubawa kyauta. A wurare irin su Texas, Ohio, Georgia da Kalifoniya, gunduma-gunduma za ka bi. A yawancin gundumomin Texas manyan laifuka suna wurin magatakardan kotun yanki, ƙanana suna wurin magatakardan gunduma, mafi ƙanƙanta kuma, irin na tara kawai, suna kotun birni. In ka duba ɗaya ka tsaya, ba ka gama ba. A Kalifoniya kuma tun hukuncin wata kotun ɗaukaka ƙara a 2021 an taƙaita binciken fayilolin laifi da ranar haihuwa a shafukan kotu, abin da ya sa bambance masu suna ɗaya ya ƙara wuya.

In ka buɗe ƙarar, ka bi jerin abubuwan da suka faru daga sama zuwa ƙasa. Za ka ga ranar gurfanarwa, belin da aka sa, sharuɗɗa irin su hana kusantar wani mutum ko sa na'urar sa-ido a ƙafa, sunan lauyan da ke kare shi, ranar zama na gaba, da sakamakon kowace tuhuma ɗaya bayan ɗaya. Sunan lauyan nan shi ne ƙofar da ta fi kusa ga dangi. Ba zai faɗa maka sirrin wanda yake karewa ba, amma zai iya isar da saƙo. Ranar zama na gaba kuwa a riƙe ta da kyau, don wanda ya fita a kan beli ya ƙi zuwa, alƙali zai ba da sammacin kama shi kuma kuɗin belin na iya salwanta. In shafin bai nuna takardun ba, akwai kwamfutar jama'a a ofishin magatakarda, kuma sau da yawa tana nuna fiye da abin da ke intanet.

Baban Yusra: Wani ya ce a rubuta musu takardar FOIA, dole su ba da komai. Haka ne?

Barista: Ba haka ba ne Alhaji. Dokar FOIA ta 1966, wato dokar neman bayanai daga gwamnati, hukumomin tarayya kaɗai ta shafa. Sherif ma'aikacin gunduma ne, dokar bayanan jama'a ta jiharsa ce ke kansa, kuma kowace da wa'adinta. Illinois kwana biyar na aiki, ana iya ƙara biyar. New York kwana biyar na aiki su amsa cewa sun karɓa, bayanan kuma su biyo baya. Georgia kwana uku na aiki. Kalifoniya kwana goma su faɗa ko za su bayar, ana iya ƙara goma sha huɗu. A Texas in hukuma tana son hanawa sai ta kai maganar ga babban lauyan jihar cikin kwana goma na aiki, kuma in kuɗin zai wuce dala 40 sai sun aiko maka da ƙiyasi a rubuce tukuna. Florida da Ohio ba su sa adadin kwanaki ba, sun ce dai cikin lokacin da ya dace.

Abin da zai shafi masu rubutowa daga gida: wasu jihohi, irin su Virginia, Tennessee, Arkansas da Delaware, dokarsu ta ba mazauna jihar ne wannan haƙƙi, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta amince da hakan a shari'ar McBurney da Young a 2013. A irin waɗannan wurare a nemi ɗan'uwa mazaunin jihar ya sa hannu.

Takardar kanta gajeriya ake yi. A ambaci sunan dokar jihar, cikakken sunan mutumin da ranar haihuwarsa, lambar rajistar shiga in akwai, da tsakanin wace rana zuwa wace. Sannan a faɗi takardar da ake so: takardar rajistar shiga da bayanin sallama mai ɗauke da rana, lokaci, dalili, da hukumar da aka miƙa shi gare ta in an miƙa. A ce a aiko ta imel, kuma a sanar da kai kafin kuɗi ya wuce adadin da ka yanke. Kuskuren da ke kashe irin wannan buƙata biyu ne. Na farko yin tambaya maimakon neman takarda, domin doka ba ta tilasta musu amsa tambayoyi ko ƙirƙirar sabon bayani ba, abin da ke ajiye kaɗai za su miƙa. Na biyu cewa a ba ni duk abin da kuke da shi a kansa, wanda ke jawo jinkiri da lissafin kuɗi mai yawa. Bayanan lafiyarsa da na yara 'yan ƙasa da shekara 18 da na binciken da ba a gama ba, kada ma a sa rai. Kuma wannan takardar ta sherif ce. Kotuna a jihohi da yawa ba sa ƙarƙashin wannan doka, suna da nasu ƙa'idojin, wurin magatakarda ake zuwa kai tsaye.

Maman Fadila: Sannunku da ƙoƙari. Duk kun yi maganar dangin wanda aka kama, ku bar ni in yi ta ɗaya ɓangaren. Matar da mijinta ya doke ta aka kama shi, ita ba takarda take nema bayan mako biyu ba, so take ta sani kafin ya iso ƙofarta. Abin da aka yi dominta shi ne VINE, tsarin da ke sanar da mutum in za a saki wanda ke tsare ko an sauya masa wuri. An fara shi a Louisville ta jihar Kentucky a 1994, bayan kisan Mary Byron a 1993, wadda mutumin da ta kai ƙara ya fito a kan beli ba tare da an sanar da ita ba. Yanzu yawancin jihohi suna ciki. Ki shiga shafinsa na VINELink, ki zaɓi jiha, ki nemi sunansa ko lambarsa, ki sa lambar wayarki ko imel. In kiran waya kika zaɓa za ki ƙirƙiri lambar sirri mai lamba huɗu, kuma za su yi ta kira har sai kin danna ta. Kyauta ne, kuma shi ba zai san kin yi rajista ba.

Inda ake samun matsala: dole a yi rajista tun yana ciki, ranar da aka kama shi in da hali, don beli na iya fitar da mutum a daren. Kiran yakan zo da lambar da ba ki sani ba, kada wayarki ta toshe shi. In an mayar da shi daga gunduma zuwa gidan yarin jiha, a sake dubawa ko rajistar ta bi shi, a wasu jihohi sai an sabunta. Ba kowane gidan wakafi ke cikin tsarin ba. Saboda haka 'yar'uwa kada ki jingina da shi kaɗai, ki nemi jami'in da ke taimaka wa waɗanda aka zalunta a ofishin mai gabatar da ƙara, ki tambayi takardar kotu ta hana shi kusantarki. Layin taimako na ƙasa kan cin zarafi a cikin gida 1-800-799-7233 ne, dare da rana, kuma suna haɗa mutum da tafinta.

Na-Damagaram: Allah ya saka Hajiya. Saura na ICE, wanda ya fi tayar wa mutanenmu hankali. Idan aka ɗauki zanen yatsun mutum a wakafi, bayanin yana zuwa FBI, daga nan ya kai ga hukumar shige da fice. Suna iya aiko da takarda mai lamba I-247A suna neman a riƙe shi har sa'o'i 48 bayan lokacin sakinsa su zo su ɗauka. Dokar Texas da ta Florida sun tilasta wa sherif bin wannan buƙata, ta Illinois da ta Kalifoniya sun taƙaita. To in gidan wakafi ya ce an sallama amma shiru, a buɗe shafin ICE na neman tsararru. Hanya mafi inganci ita ce lambar A, mai lamba tara, wadda ke kan katin izinin aiki ko takardun kotun shige da fice. In taku takwas ce a sa sifiri a gaba. Sai ƙasar haihuwa, kuma a duba da kyau, Niger da Nigeria suna kusa da juna a jerin, mai rajistar ma yana iya kuskurewa, don haka a gwada duka biyun. Shafin ba ya nuna yara 'yan ƙasa da 18, kuma yakan ɗauki lokaci kafin sabon suna ya hau, ga kuma yawan sauya wa mutum wuri. A riƙa dubawa safe da yamma. Ranar zaman kotun shige da fice ana jin ta a 1-800-898-7180 da lambar A ɗin.

Barista: Ƙari biyu. In ƙarar ta tarayya ce, jami'an Marshal sukan yi hayar gado a gidajen wakafin gunduma, sai mutum ya kasance a can amma ba shi a kotun gunduma, ba shi kuma a shafin gidajen yarin tarayya, wanda ke ɗauke da sunaye tun daga 1982. A duba PACER, rumbun takardun kotunan tarayya a intanet, santi goma kowane shafi, takarda ɗaya ba ta wuce dala uku, kuma in lissafinka bai wuce dala 30 cikin wata uku ba ana yafewa. Na biyu, Najeriya da Ghana suna cikin ƙasashen da wajibi ne a sanar da ofishin jakadancinsu in an tsare ɗan ƙasarsu. Ba kullum ake yi ba, amma dangi na da hujjar tuntuɓar ofishin Washington ko ƙananan ofisoshin Najeriya na New York da Atlanta.

Ɗan Zango: Duk wannan wahala Barista, ba gara mutum ya biya dala ashirin ko talatin a shafukan nan masu binciken mutane su haɗa masa komai ba?

Barista: Ban goyi baya ba ƙanena. Su daga shafukan gwamnati suke kwasa su ajiye, ba sa komawa su ga yadda ta ƙare. Za ka ga kamu, ba za ka ga an kori ƙarar ba, har wanda kotu ta goge yana nan a wurinsu. Suna kuma haɗa mutane masu suna ɗaya, ga sunayenmu yadda Malam ya bayyana. Da yawansu rajistar wata-wata ce da za ta ci gaba da cirar kuɗi a katinka. Sannan akwai doka. In don ɗaukar ma'aikaci ne ko ba da hayar gida, dokar FCRA ta 1970, mai kula da rahotannin binciken tarihin mutane, ta shigo: sai ta kamfanin da ke bin wannan doka, mai ɗaukar aiki sai ya sami izinin mutumin a rubuce, kuma kafin ya hana shi aikin sai ya ba shi kwafin rahoton ya sami damar gyara kuskure. Kamun da bai kai ga hukunci ba in ya wuce shekara bakwai ba a sa shi a rahoto, sai a aikin da albashinsa ya kai dala 75,000 a shekara. Shafukan da kake faɗa su da kansu sun rubuta a ƙasa cewa ba a amfani da su don wannan. Mai shago ko mai gidan haya da ya yi haka, shi ne zai shiga ƙara. Masu sa hoton kamu su ce a biya su cire kuwa, Kalifoniya da Florida da wasu jihohi sun haramta karɓar wannan kuɗin, kuma in ka biya ɗaya hoton yana nan a sauran.

Malam Liman: Na karanta duka, Allah ya ƙara basira. Amma ina da damuwa. Neman ɗan'uwa da ya ɓace da kare matar da ke cikin haɗari, waɗannan ba magana. Abin da nake tsoro shi ne a ɗauki wannan ilimi a shiga tonon asirin mutane, a ɗauko hoton yaro a jefa a zauren WhatsApp na garinsu, uwarsa ta gani a Kano ko Kumasi. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin al'aurar mutane. Don gwamnati ta buɗe littafi ba ya nufin ya halatta gare mu mu yaɗa.

Maman Fadila: Allah ya gafarta Malam, a kan yaɗawa ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Amma binciken aure fa? Ana ɗauko yarinya daga gida a kawo wa mutumin da iyayenta ba su san komai a kansa ba sai hoto da kiran bidiyo. In yana da hukuncin dukan mata a kotu, ko yana cikin rajistar masu laifin lalata, wadda kowa ke iya dubawa a shafin NSOPW na ma'aikatar shari'a, waliyyinta yana da haƙƙin sani. A gida ai unguwa ake shiga a tambaya. Nan babu unguwar da za a tambaya.

Malam Liman: Wannan gaskiya ne Hajiya, malamai sun halatta faɗin aibin manemi ga wanda ya nemi shawara, hadisin Faɗimatu bint Ƙais hujja ne. Sharaɗina shi ne waliyyi ya duba, ya tsaya a kan abin da kotu ta tabbatar, ya kira mutumin ya ji ta bakinsa, kuma maganar ta mutu a tsakaninsu.

Barista: Sharaɗin Malam ya dace da doka ma. Kamu ba hukunci ba ne, kuma wanda ya rubuta a fili cewa wane mai laifi ne alhali an kori ƙarar, ko ba shi ba ne mai sunan, ana iya kai shi ƙarar ɓata suna. Wanda kuma kotu ta hana shi kusantar wata, ya yi amfani da waɗannan hanyoyi ko ya aiki wani don gano inda take, sabon laifi ya aikata.

Baban Yusra: Madalla. Tambaya ta ƙarshe daga wurina: shi wanda aka sallama ɗin, wace takarda ya kamata ya riƙe?

Tafinta: Takardar sakamakon shari'a mai hatimin kotu, daga magatakardan kotun da aka yi ƙarar. Bugun shafin intanet ba ya maye gurbinta. A kotunan birnin New York dala 10 ce. Ya karɓi kwafi biyu ko uku, kuma ya karɓa kafin ya nemi a goge ko a rufe fayil ɗin, don bayan gogewa a wasu jihohi kotun kanta ba za ta iya fitar masa da ita ba. Wannan ya ƙara muhimmanci yanzu da jihohi ke rufe fayiloli da kansu: Pennsylvania ta kafa dokar a 2018 ta fara rufewa a 2019, ta New York ta soma aiki 16 ga Nuwamba 2024, ƙananan laifuka bayan shekara uku, manya bayan takwas, ban da laifukan lalata da mafi munin laifuka irin su kisa. In ba a shigar da ƙara ba sam, ya nemi wasiƙa daga kotu ko ofishin mai gabatar da ƙara ko 'yan sandan da suka kama shi mai cewa ba a tuhume shi ba. Daga sherif kuma ya karɓi takardar da ke nuna ranar shiga da ranar fita, ita ake nuna wa wurin aiki ko wata kotun da ya rasa zamanta yana tsare. In kuɗi aka ajiye na beli, wanda ya biya ya adana rasit, shi ake mayar wa a ƙarshen shari'a. Kashi goma cikin ɗari da aka saba ba kamfanin beli kuwa ba ya dawowa.

Barista: Dalilin nacewa a kan hatimin shi ne shige da fice. Fom ɗin N-400 na neman zama ɗan ƙasa yana tambayar duk wani kamu, har wanda aka kora ko aka goge, kuma gogewar jiha ba ta share hukunci a idon hukumar shige da fice. Akwai ma yarjejeniyoyin da jiha ba ta lissafa su hukunci, irin wadda ake yi a Texas mutum ya amsa laifi a jinkirta yanke masa, amma dokar shige da fice tana lissafa su. Wanda ba ɗan ƙasa ba kada ya cika fom ko ya fita ƙasar sai lauyan shige da fice ya ga takardar. Mai son ganin abin da hukumomi ke gani a kansa, ya nemi taƙaitaccen tarihinsa daga FBI da zanen yatsunsa, dala 18, kuma mai jikin kaɗai ke iya nema. In ya ga kamu babu sakamako a gefensa, ya kai takardar kotun ga hukumar ajiye bayanan laifi ta jihar da aka kama shi, su ne ke aika wa FBI gyaran.